Waƙar da Kake Cewa ta Uwarka Ce

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai tsare wanda ya tafi da wanda aka bari a gida. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, da fatan ka sauka Damagaram lafiya, ka tarar da kawunka da iyalinsa cikin alheri. Allah ya tsare ka daga ciwon baƙon wuri, da abokin banza, da sharrin bakinka, wanda shi ne ya fi damuna a yau.

Ka ga ban sa suna a kan takardar nan ba, ka kuma san dalili. Kai ne ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kama shi ba. “Kai” nake ce maka, ko “wancan”, ko in yi gyaran murya ka juyo. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Shi ya sa ban raka ka bakin kamyo ba ranar kasuwar Bande. Na tsaya can wajen masu shanu ina yi kamar ina taya wani bijimi, har ƙarar motar ta ɓace. Bijimin nan ko yanzu aka tambaye ni ban san fari ne ko baƙi ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Gida yana nan yadda ka bar shi, shiru ne kawai ya ƙaru. Abu ɗaya ne ya sa na jiƙa tawada, wato waƙar nan da kake yi in hannunka yana aiki: “Biyan, biyan, Mamfati shiyan, biyan manje.” Kana yin ta in kana tufka, kana yin ta in kana ba shanu ruwa, na kuma tabbata za ka yi ta a kan keken ɗinki a rumfar kawunka, inda komi-komi, wato ma'aikatan ofishin bariki, suke zama suna jiran wandunansu. Mutanen nan suna jin Faransanci. Ina roƙonka kada ka yi ta a gabansu sai ka kai ƙarshen takardar nan. Na san kana cewa ta uwarka ce, ita kaɗai ta bar maka. Zan zo kan wannan. Ka dai san halina, ba na shiga magana ta ƙofa, sai na zaga ta bayan danga.

Ka tashi ka gan ni mutum mai ɗaure fuska, wanda in makaɗa suka shigo gari yake saɓa fartanya ya nufi gona. Ba haka aka haife ni ba. Ina yaro babu abin da kunnena bai kwasa ba, kuma duk abin da ya kwasa sai bakina ya zubar, a inda ya dace da inda bai dace ba.

Waƙar da na fara so a duniya ta Inna ce, uwata, wadda take yi a kan dutsen niƙa. Waƙar wata tsohuwar zabuwa ce da ke gidanmu, wadda ta daina ƙwai, ba ta da aiki sai ƙirga tsabar da wasu suka ci. Ina son amshinta ƙwarai. Na sha zagaya bayan rumbu ina neman zabuwar nan don in gan ta da idona, ban same ta ba. Wata rana na tarar da Kaka, uwar Babana, zaune da ƙawayenta suna ɓarar gyaɗa, na ce bari in burge su. Na tsaya a tsakiya, na rera ta daga farko har ƙarshe, har da karkaɗa kafaɗa irin ta Inna.

Ba wadda ta yi dariya. Kaka ta karkaɗe zanenta ta ce, “Ɗan nan, wa ya koya maka?”

Na ce, “Inna. Kullum sai ta yi in tana niƙa.”

Ta ce, “Madalla. Je ka ce mata zabuwar ta ji.”

Da gudu na je na isar da saƙo, ina murna. Daminar nan kaf Inna da Kaka ba su haɗa ido ba, ni kuwa na sha duka a ɗaki biyu. To ka ji ta farko. A birni za ka ji waƙoƙi masu daɗin amshi, a bakin mata da maza. Kafin ka ɗauka, ka tambayi da wa ake. Yawancin waƙa da mai ita, kuma sau da yawa yana zaune kusa da kai.

Da na ɗan tasa sai goge ya shiga raina. Wani mai goge ya ƙetaro iyaka daga kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki, da kaka, ya kwana biyu a garinmu, ya tafi da hankalina. Na sami ƙoƙo, na rufe shi da fatar damo, na lallaɓa na tsinko gashi daga wutsiyar goɗiyar liman. Abin da ya fito daga kayan nan ba zan kira shi kiɗa ba don ina tsoron Allah. Amma abokaina, su Ɗanladi, suka ce ai na fi baƙon nan hannu. Kullum sai su ce, “Taho gona ka yi mana, a can ya fi daɗin ji.” Su zaunar da ni a bakin gero, su koma inuwa su miƙe ƙafa. Ina ta goga, ina rufe ido, ina jin kaina. Sai bayan an yi girbi Ɗanladi ya gaya mini gaskiya, yana dariya har da hawaye: tsaron tsuntsu aka sa su, kuma tun da na fara goge ko buwa ɗaya ba ta sauka a gonar ba.

Na ji kunya, amma ban mutu ba. Ka riƙe wannan a rumfar ɗinki. Wanda ya yaba rigarka ta farko, ka duba me yake samu a yabon. Wanda ya karɓa ya farke ta ya ce ka sake, ko da ranka ya ɓaci, kusa da shi za ka zauna.

Yanzu ga wadda na zaga dominta.

Shekarar da muryata ta fara fashewa, Baba ya tafi da ni Magarya kai gyaɗa a kan takarkari. Ya shiga layin awo, ya bar ni da shanu a gefen gidan wani Nasara mai sayen gyaɗa, wanda ake ce wa Mushe, wato maigida da harshensu. Gidan an kewaye shi da zana mai tsawo, ba ka ganin komi a ciki. Da la'asar sai na ji murya daga bayan zanan, muryar namiji, a hankali, da ɗan ja a ƙarshe: “Biyan, biyan, Mamfati shiyan, biyan manje.” Ya yi shiru, ya sake. Ni dai abin da na sani game da Nasara shi ne tsawa. Ban taɓa zaton suna da irin wannan murya ba, ban ma taɓa jin wani namiji ya tausasa murya haka ba, ko a cikinmu. Tsigar jikina ta tashi. Muka yi kwanaki a layin nan, kullum da la'asar ina manne da zana. Kafin mu juyo gida na haddace ta, har inda yake jan numfashi.

Na dawo gari da abin da ba wanda yake da shi. Samari suna da kalangu, suna da waƙoƙin dandali da kowa ya sani, ni kuwa ina da waƙar Nasara. Nakan sa hannu ɗaya a ƙugu in ɗaga haɓa in rera ta. Da 'yan mata suka tambaye ni ma'anarta, maimakon in ce ban sani ba, sai na ƙaga. Na ce kirarin wani barde ne, Mamman ɗan Fati, wanda ya yi yaƙi har Nasara da kansu suka sara masa suka yi masa waƙa. Ai kuna ji, in ji ni, Mamfati, harshensu ne ba ya iya kama sunan daidai. (Wancan Mamman ɗin ba kai ba ne, babu shi ma a duniya, shi ya sa alƙalamina ya iya rubuta shi.) Da na faɗa sau da yawa, ni ma sai na yarda. Har doki na ba shi, da mashi, da garin da aka binne shi.

Cikin 'yan matan akwai wata siririya mai tsiwa, sunanta Fati. Takan ce, “To ni ce Fati, ina barden nawa?” Ni kuwa sai in ƙara ɗaga haɓa.

Na yi kaka biyu ko uku ina wannan sarauta. Sai wata rana wani komi ya zo daga Magarya ƙidayar shanu, ya sauka gidan maigari. Da yamma aka taru a dandali, aka ce a nuna wa baƙo cewa mu ma muna da mai jin Nasaranci. Aka turo ni gaba. Na gyara tsayuwa, na rera. Komin ya karkato kunne ya ce, “Sake, samari.” Na sake, da ƙarfi. Sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

Ya ce, “A ina ka samo wannan?”

Na ce, “A gidan Mushe mai gyaɗa. Kirarin barde ne.”

Ya share ido ya ce, “Wane barde? Ai na san gidan. Cewa yake, zo, zo, ɗan karena, zo ka ci abinci. Karensa yake kira, yaro. Shiyan ɗin nan da kake ja, shi ne kare.”

Ban san yadda na isa gida ba. Washegari ban da suna sai Shiyan. In na wuce, yara su yi fito su kaɗa yatsa. In an zuba tuwo a gidan biki, wani ya ɗaga murya ya ce a ajiye wa Shiyan ƙashi. Har na yi gemu sunan yana bina. Daga ranar na rufe bakina, na daina zuwa dandali, fuskar nan da ka sani a nan na samo ta.

Ka lura, son waƙar bai zama laifi ba. Yaro ne ya ji murya mai daɗi ya so ta. Ƙaryar da na ɗora a kai ita ta kashe ni. Da na ce ban san ma'anarta ba, da an yi dariya kwana biyu an manta. In ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba, musamman a gaban masu takalmi. Kuma ka sani, ni a garinmu aka laƙa mini suna, cikin dangina, duk da haka na ji jiki. Kai baƙo ne a Damagaram. In komi-komin nan suka sa maka Karen Mushe, ba ka da wanda zai tsaya maka, kuma da sunan za a riƙa kwatancen rumfarka har ka tsufa.

Mutum ɗaya ce ba ta kira ni Shiyan ba. Na haɗu da Fati a hanyar rijiya, na sunkuyar da kai zan wuce, ta ce, “Kare ko ba kare ba, ni dai na ji sunana a ciki.” Ta wuce da tulunta. Ita ce uwarka.

Da aka haife ka, kakanka ne ya zaɓi suna, ba da shawarata ba. Da liman ya faɗe shi a zaure sai da na dafa ƙasa. Bayan an watse na leƙa ɗaki, ta dube ni ta gefen ido ta ce, “To, ga barden naka ya iso.” Na ce ta rufa mini asiri. Iyakar abin da ta taɓa faɗa game da waƙar ke nan. Uwarka ta fi ni kunya nesa ba kusa ba. A gaban mutane ko kallonka ba ta yi, balle ta rera abin da sunanka yake ciki. Amma ta so ka, wannan ni shaida ne. In ta zaci ba kowa, takan sa hancinta a wuyanka ta daɗe.

Ba ta kai ga yaye ka ba zazzaɓin damina ya ɗauke ta. Gwaggonka Hassu, ƙanwata, ta dawo gidan don ta riƙe ka. Ka ƙi kunu, ka ƙi madarar shanu, sai kuka, har muryarka ta dushe, wuyanka ya fara lanƙwashewa. Tsofaffi suka fara cewa yaron zai bi uwarsa. Wata rana da hantsi, mutane duk suna gona, ina bayan danga wajen rumbu ina gyara ƙotar fartanya, ina jin Hassu tana fama da kai a tsakar gida. Ina so in shiga in ɗauke ka, ƙafata ta ƙi. Ina so in kira sunanka, bakina ya ƙi. Ban yi shawara da kaina ba, kawai na ji abin nan da na binne yana fita daga maƙogwarona, a hankali, yadda na fara jin sa. Shi ne kaɗai abin da na mallaka wanda sunanka da nata suke ciki, kuma ba wanda zai ce na kira ɗan fari.

Ka yi shiru. Na sake. Sai na ji Hassu tana cewa ƙasa-ƙasa, “Yawwa, haɗiye, ɗan albarka.”

Daga ranar, duk lokacin da za a ba ka kunu, ina bayan danga. Har ka yi ƙiba, har ka fara tafiya, har ka fara neman inda muryar take fitowa, sannan na daina. Ni da Hassu ba mu taɓa yin maganar ba, ko sau ɗaya. Da ka yi wayo kana rera ta, ka tambaye ta inda ka samo, ta ce maka ta uwarka ce. Asirina ta rufa. Tsarata da suka san labarin su ma suka kama bakinsu saboda maraicinka, Allah ya saka musu.

To ka ji. Uwarka ba ta taɓa yi maka waƙar nan ba. Ni ne.

Saura kuskure ɗaya, shi ne ya fi ci mini rai. Ka tuna ranar da baƙi suka zo daga Dungas, kana ɗan kiwo, ka kawo musu ruwa kana rera ta? Cikinsu akwai wanda ya san ni tun zamanin dandali. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Na daka maka tsawa na ce ka rufe mana baki, kada in sake jin wannan shirme a gidana. Ka ajiye ƙwaryar ka dube ni. Na san abin da ka ɗauka, cewa na tsani abin da ya rage maka na uwarka. Na bar ka da wannan zato shekara da shekaru don kada a tuna da Shiyan. Tun daga ranar ba ka ƙara yin ta in ina kusa ba. Abin da ba ka sani ba, in ka kora shanu rijiya nakan bi ta cikin dawa in tsaya inda ba ka ganina, in saurara har ka gama.

In Allah ya ba ka ɗa, ka yi masa kunya yadda aka saba, ban ce ka karya al'ada ba. Amma ka bar wata 'yar ƙofa da zai gane. Kada ka bari sai ya hau kamyo sannan ka bi shi da takarda.

Kwanakin nan ina yawan tuna Nasaran nan. Da ina jin haushinsa, kamar shi ya sa ni ƙarya. Yanzu da la'asar in na zauna a zaure, ba motsin kowa sai na Hassu da tukwanenta, sai in ga ashe mutum ne da ya baro ƙasarsu, aka dafa masa abinci, ya duba bai ga wanda zai kira ba sai kare. Abin da na ji a muryarsa ke nan tun ina yaro, ban san sunan abin ba sai da ka tafi.

Ban san yadda za ka ɗauki maganar nan ba, kuma ina jin tsoro, gara in faɗa. Na karɓe maka abin da kake riƙe da shi na uwarka, na ba ka kiran kare a madadinsa. In ka ji haushi kana da gaskiya. In ka ga ka yar da waƙar, ka yar, ba zan ce komi ba. Da in yi shiru a yi maka abin da aka yi mini, gara ka yi fushi da ni. In kuwa ka ga za ka riƙe ta, ka yi ta a cikinka, ko in kai kaɗai ne a rumfa. Ka cire kalmar nan guda ta kare. Sauran duk gaskiya ne, kuma da na yi maka ita na riga na san ma'anarta.

Ka gaida kawunka, ka bi shi sau da ƙafa. Ka riƙe salla. Kada ka ci abincin da ba ka ga inda aka dafa ba. Allah ya sa albarka a hannunka, ya tsare ka a zaune da tafe, ya kare ka daga dariyar mutane, ya jiƙan wadda ta haife ka. Hassu tana gaishe ka. Har yau in ta kwashe tuwo sai ta zuba naka a akushinka, sai ta rufe sannan ta tuna. Ni kuma ba na ce mata komi, don ina son ganin akushin a wurin.

In an yi girbi, in kawunka ya ba ka dama, hanya ba ta da nisa. Na gwada rubuta sunanka a nan ƙasa, hannuna ya ƙi, kamar yadda bakina ya saba. Sai dai in yi yadda na iya, daga bayan danga.

Biyan, biyan, Mamfati. Biyan manje.

Daga ubanka.